Minti Biyu Ba Daƙiƙa Goma

Jirgin ƙasa mai harafin D yana tasowa ne daga can ƙuryar Bronx, ya nutse ƙarƙashin Manhattan, ya fito ya haye gada, ya ratsa Brooklyn, ba ya sauke mutumin ƙarshe sai a Coney Island, inda birnin Niyok ya ƙare teku ta fara. Tafiyar ta kusa awa ɗaya da rabi. Na yi ta wata Asabar a tsakiyar zafinsu, ni da ɗan yayata da na kai wa ziyara, da maiɗakinsa, da 'ya'yansu biyu, da ita Yaya kanta, wadda ta shekara goma sha a ƙasar amma har yau ba ta fita sai da goro da 'yar buta a jaka.

Cewa aka yi za a kai ni in hau lilo. Na ɗauka irin wanda muke kai yara ran yawon Sallah ne, a zauna kan dokin roba a zagaya sau uku a sauko a sayi alawa. Muna fitowa daga tasha muka bi titin Surf, sai na hangi wani abu kamar an tattaro tsanin duk magina an jingina su da juna, yana ruri kamar hadarin Agusta, mutane a kansa suna kururuwa. Sunansa Cyclone, wato guguwa. An buɗe shi ranar 26 ga Yuni, 1927, lokacin senti 25 ake biya a hau. Tsayinsa mita 26, tsawon hanyarsa wajen mita 800, gudunsa yakan kai kilomita 97 a awa. Taragu uku ne a haɗe, suna ɗaukar mutum 24. Hausa ba ta raɗa wa irinsa suna ba tukuna. Yaran gidan suna ce masa jirgin lilo, ni ma na bi su.

Duka-duka tafiyar minti biyu ce ba daƙiƙa goma. Jiran layi kuwa ya fi rabin awa, kuma a nan ne kuɗina ya biya ni, don na daɗe ban ga inda 'yan Adam suka baje halinsu a faifai irin wannan wuri ba.

Wanda ya fara cika mana kunne shi ne jarumin layi. Ba sai ka neme shi ba, muryarsa ce za ta neme ka. Namu wani saurayi ne mai singileti, damtse kamar turmi, ya zo da 'yan mata biyu da wani abokinsa da aikinsa kawai gyaɗa kai. Shi dai wannan lilon na jarirai ne. Shi da ya hau Kingda Ka a New Jersey, mai tsayin mita 139, kafin a rushe shi? Shi da ya je har Abu Dabi ya hau Formula Rossa, mai gudun kilomita 240 a awa, wanda sai an ba ka tabarau don kada ƙwaro ko yashi ya tsone maka ido? Abubuwan da ya lissafa duk akwai su, shi ne dai ban tabbata ya taɓa kusantarsu ba. Abin lura da jarumin layi shi ne muryarsa da layin tare suke raguwa. A bakin ƙofa kakaki ne. A tsakiya ya koma algaita. Da aka fara jin ƙamshin man giris na taragun, sai ya fara tambayar abokinsa ko ya tabbata ya kulle mota. Ƙarshen irinsa ɗayan uku ne: ko waya ta gaggawa ta shigo wadda ba wanda ya ji ƙararta, ko fitsari ya matsa, ko kunyar 'yan mata ta tura shi ciki. Namu kunya ce ta ci shi. Ya shiga. Za mu sake haɗuwa da shi a sama.

Ba zan ɓoye ba, ɗan yayata ma ɗan wannan gidan ne, sai dai nasa cika bakin da ladabi. "Kawu, ai ba komai ba ne, kafin ka ce kwabo an gama." Na tambaye shi sau nawa ya hau. Ya ce ai shi kullum yara yake kawowa.

Can gefe, a kan benci, akwai mai riƙon jaka. Kowace tawaga tana zuwa da nata. Tamu Yaya ce. Tun a tasha ta yanke hukunci: "Ni da hankalina in ba da kuɗi a tsorata ni? Tsoron da nake samu kyauta ma ya ishe ni." Aka jibge mata jakunkuna huɗu, da wayoyi, da gorar ruwa, da takalmin da ake tsoron ya fice. Kusa da ita wata tsohuwa ce 'yar Sin, da wani dattijo mai magana da Sifaniyanci, da wata mai sari 'yar Indiya, kowa cinyarsa cike da kayan wasu. Ba mai jin harshen wani, amma duk lokacin da jirgin ya faɗo da ihu sai su dubi juna su girgiza kai tare, kamar 'yan majalisar da suka riga suka daidaita. Kada ka raina mai riƙon jaka. Ita ce ta fi kowa sanin abin da ya faru. Kai da kake ciki idonka a rufe yake, ita kuwa ta ga wanda ya yi kuka, ta ga wanda ya ƙanƙame matar da ba tasa ba, kuma za ta ba da labarin har ƙarshen rayuwarka. Da na juya zan shiga layi sai ta ƙwala mini kira, ni da furfurata, a gaban duniya: "Auta! Ka ba ni hular nan." Na ce haba Yaya, dattijo da kai ba hula a tsakiyar jama'a? Ta ce to, ta jefa goro a baki.

A bakin shiga akwai sandar awo. Duk wanda bai kai inci 54 ba, wato wajen santimita 137, ba ya hawa. Nan ake ganin yaro mai ɗage da uba mai ciniki. Jikana namiji ya gaza da yatsa biyu. Ya miƙe wuya kamar zalɓe, ya ja numfashi ya riƙe, ya ɗaga dunduniya a hankali yana kallon wani wajen. Ma'aikaciyar, wadda da alama ta ga yara dubu masu wannan dabara, ta sa yatsa ɗaya a kafaɗarsa ta mai da shi ƙasa. Sai uban ya matso. Mutum ya shekara ashirin a Amurka amma jinin Kasuwar Kurmi bai bar shi ba: ai yatsa biyu ne kacal, ai jiya aka yi masa aski, ai shi zai riƙe shi da kansa. Saura kaɗan ya ce mata a yi ragi don Allah. Sanda dai ba ta san albarka ba, ba ta san sallama ba. Yaro ya koma benci wajen kakarsa yana haɗiye kuka, uban kuma, cikin wani irin sauri da ya ba ni mamaki, ya ce ai ba zai bar yaro cikin ɓacin rai ba, bari ya je ya rarrashe shi. Uwar ta bi su da gorar ruwa. Aka bar ni da jikata mai shekara goma sha ɗaya, wadda nake kira amarya, ita kuma take kirana tsoho da Hausarta mai ƙamshin Bronx.

A nan malamin tarihi ya kama ni. Wani Bature ne mai tumbi, hularsa cike da bajo, rigarsa da hoton wani jirgin lilo, a aljihunsa ɗan littafi da ya sha hannu. Suna da ƙungiya guda, American Coaster Enthusiasts, tun 1978, kuma babban aikinsu ƙirga. Duk jirgin lilon da mutum ya hau sai ya rubuta, ko da sau ɗaya ne, ko da na 'yan yaye ne. Ya gaya mini ba kunya cewa ya taɓa tuƙa mota rabin yini don ya naɗe ƙafafunsa cikin wani ɗan jirgi mai siffar tsutsa, tsakanin yara masu majina, don kawai lissafinsa ya ƙaru da ɗaya. Laifina ɗaya: na tambaye shi ko abin nan ya tsufa.

Ya faro daga Rasha. Can a ƙarni na 17 ake gina tudun katako a kwarara masa ruwa ya daskare, mutane su hau su sulalo. Faransawa suka ɗauko, da yake ƙanƙararsu ba ta daɗewa sai suka sa wa abin ƙafafu, a 1817 har an buɗe irinsa a birnin Faris. Shi ya sa har gobe Bafaranshe ke ce wa jirgin lilo duwatsun Rasha. Su kuma Rashawa suna ce masa duwatsun Amurka. Na ce a raina, ashe abin nan ɗan da ba mai so ne, kowa na liƙa wa maƙwabcinsa.

Daga nan ya tsallako Pennsylvania, wani gari da ake kira Mauch Chunk, inda a 1827 aka shimfiɗa dogo daga kan dutse don gangaro da gawayin kwal. Taragun da kansu suke gangarowa, alfadarai ke jawo su sama in an sauke kaya. Su alfadaran kuma a cikin tarago ake sauko da su. Wato fasinjojin farko na wannan harka a Amurka alfadarai ne, kuma su aƙalla aiki ya kai su. Daga baya mutane suka ga abin ya yi kyau suka fara biya a gangaro da su. Sai kuma LaMarcus Thompson, wanda da sana'arsa saƙa safa ce, ya gina na farko a nan Coney Island a 1884. Senti biyar ake biya, ka hau bene da ƙafarka, ka zauna kan benci, a sake ka ka gangara da gudun kilomita goma a awa. Mai keken haya a Zariya ya fi shi sauri, amma mutane suka yi ta dafifi. Malam ya rufe da labarin wani Richard Rodriguez, wanda a 1977 ya shafe awa 104 yana zagayawa a kan wannan Cyclone ɗin da muke jira. Ya faɗi sunan da irin muryar da muke ambaton waliyyai. Na lissafa, kwana huɗu da awa takwas. Ban dai tambayi abin da iyayensa suka ce ba.

Malamin tarihi yana da abokin gaba, shi ne tsohon unguwa. Wannan bai karanta komai ba, shi an yi abin a gabansa, ko a gaban kakansa, wanda a wurinsa duk ɗaya ne. Yana jingine da shinge daga waje, ba ya cikin layi, bayansa ya daina yarda da hawa tun tuni, amma kullum yana nan. Ra'ayinsa guda: Coney Island ta mutu, wannan da kuke gani gawarta ce. Ina Dreamland, da gobara ta cinye a 1911? Ina Luna Park ta asali, mai fitilu kamar taurari sun sauko, da ta ƙone a 1944? Wadda ke ɗauke da sunan yanzu a 2010 aka buɗe ta, jikanya ce mai sunan kaka. Ina Steeplechase, da aka rufe a 1964? Ya nuna mana wata jar hasumiyar ƙarfe can bakin teku, wadda a da ake ɗaga mutane sama a sake su da lema, yau tana tsaye ba aikin fari ba na baƙi. Shi kansa Cyclone, in ji shi, saura ƙiris a rushe shi a shekarun 1970 don a faɗaɗa gidan kifayen da ke maƙwabtaka da shi, mutanen unguwa suka tashi tsaye, har a 1988 birni ya sa shi cikin kayan tarihin da ba a taɓawa. Labarinsa da ya fi burge ni na George Tilyou ne, mai Steeplechase. Da wurinsa ya ƙone a 1907, gari na wayewa ya kafa allo yana karɓar senti goma ga duk mai son shiga ya kalli toka. Na ce wannan ko a Kwari aka haife shi sai haka.

Su biyun suka kaure da gardama kan wata shekara, ni kuwa layi ya ja ni gaba ya miƙa ni ga injiniyan bakin layi.

Shi wannan ba ya kallon mutane, noti yake kallo. Duk lokacin da jirgi ya wuce ginin ya girgiza, sai ya ce "hmm" da ƙarfin da kowa zai ji. Iri biyu ne, mai tsoratarwa da mai kwantar da hankali, kuma na biyun ya fi tsoratarwa. Nawa mai kwantar da hankali ne. Ya ce kada in damu da girgizar nan, hanyar katako ce a kan ƙafafun ƙarfe, kuma gini irin wannan dole ya ɗan ba da kai, wanda ya ƙi lanƙwasa shi ke karyewa. Na ce madalla. Ya ce kuma jirgin ba shi da inji. Na ce me? Ya ce ko kaɗan. Sarƙa ce ke jan shi zuwa ƙololuwar tudun farko ta sake shi, daga nan nauyinsa da naku ne ke kai ku har gida, shi ya sa babu tudun da ke kai na farko tsayi. Direba fa? Babu. Sitiyari? Ya yi dariya. Ya ce abin da ke riƙe da ku ƙafafu ne kashi uku: na sama masu gudu kan dogo, na gefe masu hana shi zamewa a kwana, da na ƙarƙashi masu kama dogon ta ƙasa don kada jirgi ya tashi sama ya bar hanya. Na ƙarƙashin nan wani John Miller ne ya yi musu rajista a 1919. Na tambaye shi kafin 1919 fa? Ya ce ai da sai a bi a hankali, wasu ma har da mai birki a tsaye cikin jirgin. Ya ƙara da cewa in gode Allah ba a 1895 na zo ba, lokacin da aka kafa wani mai suna Flip Flap a nan, mai kifa mutane a da'ira sak kamar bakin rijiya, wanda ya yi ta gurɗa wa mutane wuya. Masu kifawa na yanzu siffar ɗigon hawaye ake yi musu, don nauyin ya zo wa jiki sannu a hankali. Na yi masa godiya. Cikina ya riga ya ɗuri ruwa.

Akwai wasu da ba sai an daɗe a kansu ba. Akwai mai ruwan ido, wanda sai an zo shiga zai tsaya tunanin gaba ko baya; a gaba ka ga abin da zai same ka, a baya a fizge ka ba ka gani ba, shi kuwa yana so a ba shi duka ko a hana shi duka. Akwai wanda ya biya ta shagon Nathan's, da ke kan kwanar tasha tun 1916, inda duk 4 ga Yuli ake gasar haɗiyar naman shanu niƙaƙƙe da aka yi wa siffar rogo aka kwantar cikin burodi. Ya ci uku, ya kora da lemo mai sanyi, ya shigo layi yana gyatsa. Shawarata guda ce game da shi: kada ka zauna a bayansa. Akwai kuma saurayi mai lissafi, wanda ya biya kuɗin tikiti biyu don ya ji an ce budurwa in ta tsorata takan kama hannun na kusa da ita. Na ga irinsa biyu a ranar. A duka biyun shi ne ya kama.

Aka zaunar da mu, aka sauko da sandar ƙarfe kan cinya. Jikata ta dube ni ta ce, "Tsoho, kana tsoro?" Na ce amarya, ni da na hau bayan a-kori-kura daga Funtuwa zuwa Birnin Gwari da damina? Sai da maganar ta fita na gane muryar wa na ara.

Hawan tudun farko shi ne wurin mai tuba. Sarƙa na ja, wani ƙarfe a ƙarƙashin tarago yana bin haƙoran dogo yana ƙas, ƙas, ƙas. Injiniya ya riga ya gaya mini aikinsa hana jirgi komawa da baya in sarƙa ta saki, amma a kunne kamar ana ƙirga maka sauran kwanaki ne. Nan ake jin addu'a da harsuna bakwai. Wata a gabanmu tana zana gicciye a ƙirji ba ƙaƙƙautawa. Wani a baya yana yi wa Ubangiji alkawuran da ko shi bai yarda da su ba. Mai tuba yakan yafe wa duk wanda ya cuce shi tsakanin mita goma da mita ashirin, ya ɗauki niyyar biyan bashi a mita ashirin da biyar. Ni kaina na tuna wani dubu talatin na wani bawan Allah da na daɗe ina mantawa da gangan. A ƙololuwa sai ƙarar ta ɗauke. Ga Tekun Atalantika shimfiɗe, ga jiragen ruwa can nesa, ga iska mai daɗi, ga mutane a bakin yashi kamar an watsa gero. Na hango benci, na hango ɗan kwalin Yaya. Na buɗe baki zan ce masha Allah.

Ban ƙarasa ba. Hanya ta ɓace daga gabanmu. Hanjina ya tsaya a sama yana jiran bayani, sauran jikina ya tafi. Abin da na riƙe daga nan guntu-guntu ne: katako na taho wa kaina kamar zai aske ni, kwana ta maka ni jikin tarago, ɗuwawuna ya rabu da kujera ya dawo, ya sake rabuwa. Amma kunne bai daina aiki ba, kuma a nan na san ihu ma ƙabila-ƙabila ne. Akwai mai ihun murna, hannu biyu a sama, irin jikata, wadda dariya take kamar ana yi mata cakulkuli. Akwai mai zagi, wanda ya zagi jirgin, ya zagi wanda ya gina shi, ya zagi abokin da ya kawo shi har da kakanninsa. Akwai mai kiran uwa. Jarumin layi ne, na gane muryar, ko da yake ta sirance ta koma ta ɗan akuya. Wani kuma a taragonmu ya yi ta kiran "Wayyo Inna!" da Hausa tsantsa, alhali Hausawa biyu ne kawai a jirgin, ɗayar kuma dariya take.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai shiru. Wata dattijuwa ce a kujerar gabanmu, siririya, jakarta a cinya. Ba ta yi ihu ba, ba ta ɗaga hannu ba, ba ta kama ƙarfe ba. Ta zauna kamar mai jiran likita. Da muka tsaya ta gyara gashinta ta fita, ta zagaya ta sake shiga layi. A 2020, lokacin annobar korona, wuraren wasa na Japan sun roƙi masu hawa su daina ihu don kada yawu ya yaɗa cuta, har wani wuri mai suna Fuji-Q Highland ya fitar da bidiyon manyansa biyu, da takunkumi a fuska, suna hawa tun daga farko har ƙarshe ba wanda ya ce uffan, aka ce kowa ya yi ihunsa a zuci. Da sun san da wannan baiwar Allah da ba su wahalar da shugabanninsu ba.

Birki ya kama. Mai tuba ya miƙe, ya taɓa jikinsa ya ji komai na nan, ya fasa biyan bashi. Ni ma dai na ce a bari sai na koma gida a duba lissafin da kyau.

A bakin fita ake haɗuwa da kashi na ƙarshe, wanda kusan kowa ke ciki: mai gyara labari. Ƙafa na rawa, baki na cewa ai bai kai yadda ake faɗa ba. Jarumin layi ya dawo da muryarsa tun kafin ya sauka daga matakala, yana bayyana wa 'yan matan cewa ihun da ya yi don ya ƙara musu armashi ne. Sai dai masu wurin sun san halinmu, sun kafa kyamara a daidai inda mutum ba ya iya ƙarya, hotuna na fitowa a allo kowa na gani. Nan za ka ga gwanin hoto, wanda ya haddace inda kyamarar take, shi kaɗai ya fito yana murmushi da yatsa biyu a sama kamar ɗan takara, kewaye da fuskokin mutanen da suka ga Mala'ikan mutuwa. A hoto na huɗu akwai wata yarinya tana dariya, kusa da ita wani dattijo ido a rufe, baki a wangame har ana ƙirga haƙoran da suka rage, gemu ya rabu biyu, sanƙo na ƙyalli. Na ce Allah sarki, bawan Allah. Sai na kai hannu kaina.

Hular Zanna Bukar ce, aikin hannu, wadda na ajiye don manyan taruka. Malamin tarihi, da ya fito bayanmu yana rubutu a littafinsa, ya leƙa ta shinge ya nuna mini ita can ƙarƙashin katakai, kwance tsakanin wayoyi biyu, da tabarau, da wani gashin kanti. Ya ce in an tashi aiki da dare akan tattaro su. Jirginmu na komawa Bronx ba zai jira dare ba.

Jikata ta riga ta karɓi kuɗi wajen ubanta ta sayi hoton, kuma kafin in iso benci ya shiga zauren WhatsApp na dangi, har wani ƙanena a Kaduna ya turo tambaya ko lafiya. Yaya ba ta ce komai ba. Ta dubi kaina, ta tauna goro, ta sake duban kaina, ta juya ga tsohuwar nan 'yar Sin, suka girgiza kai tare. Jikana, wanda hawayensa bai gama bushewa ba, ya cire tasa hular, shuɗiya mai baki da tambarin Yankees, ya ce zai ara mini har gida in na yi alkawarin dawowa baɗi mu hau tare, lokacin ya cike yatsa biyun nan. Na duba titin Surf cike da jama'a, na shafa sanƙona da rana ta fara gasawa. Na karɓa. Ta ɗan matse ni, sai da uwarsa ta saki maɓallin baya.